Ba a Shiga Ruwa da Goyo

Tun bayan da jirgin kasuwa ya daki kututture a tafki bara ya kife da mutane, Ƙungiyar Fitila ba ta da wata magana a taronta na ranar Alhamis sai ta rigunan ceto. 'Yan ƙungiyar ba wasu masu hali ba ne: malaman makaranta, mai kantin magani, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, sai Akpene mai ɗinki, wadda ita ce ƙaramarsu kuma ta ƙarshen shiga. Su suka yi wa firamare fenti, su suka gyara famfon tasha. Amma riguna sun ba su wuya. Sun wanke motoci, sun soya kifi a bakin coci, sun dami 'yan garin da ke Accra da roƙo har aka fara ƙin ɗaukar wayarsu. Ƙarshe dai buhuna suka iso, aka sa ranar kasuwar Agbenu don rabo.

Rigar ba riga ba ce sosai. Soso ne mai kauri guda biyu a ƙirji, da wani a bayan wuya, ana zura kai a tsakiya, sai igiya da ake zagayowa a kugu a maƙale. Bayanta babu komai. An ba Akpene aikin sa wa mata, don ita ta saba da gwada jikin mutane. Ta rataya almakashinta a wuya tana farke ledoji, ɗanta Elikem kuma, wanda bai daɗe da fara zama ba, yana bayan Yayra, ƙanwar mijinta.

A bakin tafkin nan kowace mace ta san ba a shiga ruwa da goyo. Ko da daro a kanki, kina isa gefen jirgi za ki sauke, ki sunkuya ki kwance, ki juyo da ɗa gaba ki rungume, sannan ki taka. Ba wanda ya taɓa zaunar da Akpene ya gaya mata dalili. Haka ta ga uwarta tana yi, haka ita ma take yi, kamar cire takalmi a ƙofar ɗaki.

Davi Mawusi mai kifi ce ta fara kawo cikas. Ta kwance 'yarta, ta zura rigar, ta yi ƙoƙarin rungumar yarinyar, sai soso ya tokare. Ta juya ta nan, ta juya ta can, yarinya tana zamewa.

"Ke mai ɗinki, zo ki gani," in ji ta. "Kun ƙara mini nono biyu a kan waɗanda Allah ya ba ni. To ita wannan a kaina zan ɗora ta?"

Mata suka kwashe da dariya. Wasu suka fara cire nasu. Akpene ta ga wahalar shekara guda tana shirin komawa cikin buhu. Ta zagaya bayan Davi Mawusi ta duba, ta ga fili fetal.

"Davi, mayar da ita baya."

"A jirgi?"

"Da can da babu riga ne ake kwancewa. Yanzu ko kin faɗa ba za ki nutse ba, ga hannuwanki a sake, ita kuma tana manne da ke. Ai ya fi a ce ta suɓuce miki."

Davi Mawusi ta ce, "Wallahi kuwa. Mun ma huta da kwance-kwance."

Igiyar ba ta isa ta zagaye uwa da goyo ba, amma wannan ba ya gagarar mai ɗinki. Akpene ta aika aka kwaso mata ragowar ƙyallaye daga shago, ta yanka su dogo-dogo, ta ƙara wa kowace igiya, ta zagayo ta bayan goyon, ta ƙulle a ƙarƙashin ɗuwawun yaro. Haka ta yi wa duk mai goyo da za ta shiga jirgin Adzakope. Shugaban ƙungiya, Efo Senyo mai kantin magani, ya zo wucewa da lasifika a hannu, ya tsaya ya gani, ya faɗa ta lasifikar cewa kowa ya ga amfanin sa matasa a ƙungiya. Akpene ta sunkuyar da kai, amma ta ji daɗi har cikin ranta.

Shirin shi ne in an gama jawabai, 'yan ƙungiya su bi bayan jirgin kasuwa a ƙaramin jirgin da suka ɗauka haya, su raba sauran rigunan a Adzakope. Can surukar Akpene take, kullum cikin ƙorafin ba a kai mata jika.

"Matarmu," in ji Yayra, "ni fa ba zan tsaya rana ta gasa mana yaro ba, Efo Senyo yana gaishe da kowa har da kakanninsa. Mu yi gaba, ki same mu."

"Ki dai ce kina so ki riga ni cin abolo, wainar masarar nan ta Mama."

"Wa zai bar wa bare? Ke da aka kawo ki jiya-jiya."

Elikem ya yi barci, kuncinsa manne da bayan Yayra, baki a buɗe. Akpene ba ta so a tashe shi. Ta zura wa Yayra riga, ta zaɓi ƙyallen da ya fi ƙwari, ta ja, ta ƙulla, ta sake ƙullawa a kai.

"Za ki raba ni biyu," in ji Yayra.

"Ki rabu. Shi dai kada ya motsa."

Jirgin ya cika da buhunan gari da gishiri da jarkokin mai, mata jere a kan benci cikin jajayen rigunan kamar an shanya lemo. Aka tayar da inji, aka ɗaga musu hannu, suka yi ta ƙanƙancewa har suka zama ɗigo.

Sai da Efo Senyo ya gama gaishe-gaishensa aka zo wurin da kowa yake jira. Ticha Worlasi, malamin wasanni, mutum mai tumbi da son raha, zai faɗa ruwa a ga aikin riga. Ya zura rigar ceto, ya hau kan katakon mashigi, ya juya wa jama'a baya don a ga fitilar da aka ɗinka a bayan rigar ƙungiya da ke ciki, ya yi rawa kaɗan, ya faɗa rub da ciki. Bai ko motsa hannu ba sai ga shi ya juyo rigingine, fuska sama, yana tsartuwar ruwa. Aka yi tafi.

"Kun gani?" in ji Efo Senyo ta lasifika. "Aikinta ke nan. Ko mutum ya suma, ita za ta juya shi ta kwantar da shi a bayansa, hanci a waje."

Wani masunci ya ce, "Ticha, tumbi ne ya juya ka, ba riga ba. In ka isa ka kwanta a kan cikin."

Ticha Worlasi ya yunƙura ya kifa. Rigar ta mayar da shi. Ya sake, da ƙarfi, yana dukan ruwa da ƙafa. Ta sake mayar da shi kamar uwa tana juya jariri a wurin wanka. Jama'a har da masu riƙe ciki.

Akpene ma dariya take yi. Idonta ne kawai ya tafi neman fitilar da ke bayan rigar, don ita ta ɗinka ta. Ba ta gan ta ba. Tana ƙarƙashin ruwa. Tun daga kafaɗa har kugu, duk inda goyo yake zama, yana ƙarƙashin ruwa, kuma ƙaton namiji da ƙarfinsa ya kasa fito da shi.

Dariyar ta tsaya. Ta kai hannu bayanta, inda Elikem ya saba zama, ta shafo zani kawai.

Ta zaro waya ta kira Yayra. Ba ta shiga ba. Ta kira direban jirgin, ita ma haka. Kowa ya san in an wuce matattun itatuwa babu sabis sai an hango Adzakope. Ta ɗaga kai. Gabas, ta inda jirgin ya nufa, sama ta fara yin baƙi, iska kuma ta soma kaɗa tutar ƙungiya.

Ba ta san lokacin da ta ratsa mutane ta kama hannun Efo Senyo ba.

"Efo, yaran. Na ɗaure su a baya."

"Na gani, Maman Elikem, har na yaba miki."

"Dubi bayan Ticha."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, a hankali, ba ta lasifika ba, "Ai jirgin ba zai kife ba. Kullum yana wucewa."

"Na bara ma kullum yana wucewa," in ji Mama Adzo, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, wadda take tsaye kusa tana jin komai. "Senyo, ajiye abin nan ka kira mai jirgi."

Mai ƙaramin jirgin, Efo Gameli, ya dubi sama ya girgiza kai, ya ce shi da a bari hadarin ya wuce. Akpene ba ta roƙe shi ba, ba ta da bakin roƙo. Ta shige jirgin ta zauna a gaba. Mama Adzo ta bi ta, Ticha Worlasi ya hau yana ɗigar ruwa, Efo Senyo ya biyo a ƙarshe. Efo Gameli ya ja tsaki, ya ja igiyar inji.

Duk wanda ya girma a nan ya san tafkin daji ne da ruwa ya haɗiye. Itatuwan suna nan a tsaye a ƙasa. Da rani ana ganin kawunansu a kauce musu, amma yanzu ruwa ya cika, sun ɓuya, sai mai jirgi ya bi hanyar da ya haddace. Shi ya sa Efo Gameli ba ya miƙewa. Ya karkata dama, ya karkata hagu, wani wurin ya rage gudu har Akpene ta ji kamar ta sauka ta tura. Ta san in ta ce ya yi sauri su ma a can za su kwana.

Abin da ya fi cin ta shi ne ƙullin. Hannunta ya san shi. Ta san yadda ta ja shi, ta san inda ta sa shi, can ƙasa inda hannun mai goyo ba ya kaiwa sosai. Ta san kuma ƙyallen atamfa in ya jiƙe, ƙulli yakan zama dutse. A ranta ta ga Yayra a cikin ruwa, fuska sama, tana numfashi lafiya lau, tana lalube a bayanta. Ta runtse ido, hoton bai tafi ba. Nononta ya fara tsatsafowa ya jiƙa rigar ƙungiya, don lokacin shan Elikem ya yi.

Mama Adzo ta dafa gwiwarta. "Bar kuka, 'yata, za ki buƙaci idonki."

"Ni na ce su bar su a baya, Mama."

"Mu duka muna tsaye muka yi tafi. Riƙe almakashinki da kyau."

Ruwan sama ya sauko, irin mai dukan fuska kamar tsakuwa. Tafkin da yake shimfiɗe ɗazu ya tashi, jirgi ya hau ya faɗo, ya hau ya faɗo. Ticha Worlasi ya ɗauki rabin jarka yana kwarfe ruwa, babu sauran raha a bakinsa. Ba a ganin gaba sai fari. Akpene ta fara tunanin ko sun wuce su, ko kuwa babu abin da za a wuce.

Kalar rigunan ce ta nuna su. Wani ja-ja ya bayyana a cikin farin, ya ɓace, ya sake bayyana. Jirgin kasuwa ne, a tsaye, ya ba igiyar ruwa gefe. An ɗaga injinsa sama, direba da wani mutum suna fama da farfela, maza biyu suna kwarfe ruwa. Duk lokacin da igiya ta zo, sai jirgin ya kwanta har bakinsa ya sha, mata su karkata gaba ɗaya, ya dawo.

Akpene ta miƙe tana kiran su kwance goyo. Iska ta kwashe maganar. Ta zaro majanyin Elikem daga jaka, ta ɗaura a ƙirji, ta kwance, ta ɗaga sama, ta sake. Davi Mawusi ta hango ta. Ta ɗaga hannu, ta bubbuga sosan ƙirjinta, ta nuna goyonta, ta yi alamar komai lafiya.

Efo Gameli ya zagayo ta bayan iska ya manna jirginsa. Katako ya goga katako. Ticha Worlasi da Efo Senyo suka kama gefen babban jirgin suka riƙe, Akpene ta tsallaka da gwiwa, ta faɗa kan buhun gishiri.

"Ku kwance yara. Rigar tana juya mutum rigingine, yaro zai koma ƙasa."

Ba ta maimaita ba. Mata ne masu goyo, sun gane tun kafin ta rufe baki. Hannuwa suka koma baya gaba ɗaya, suna ja, suna tsinka da farce, ƙulli ya ƙi. Wata ta fara kuka tana juyi a kan benci, jirgi ya ƙara kwanciya, direba ya daka tsawa kowa ya zauna.

Yayra tana can goshin jirgi, a benci na ƙarshe. Akpene tana iya ganin hular Elikem, wadda ta saƙa masa da kanta. Tsakaninta da shi akwai benci-benci cike da mata, babu hanyar wucewa sai ta kansu, kuma ta farko ta riga ta juyo mata baya tana cewa, "Yanka, 'yar'uwa, yanka." Zuciyarta ta ce ta taka su ta wuce. Ta dubi ƙeyar jaririn da ke gabanta, jiƙe, gashi manne. Ta zura almakashi tsakanin ƙyalle da zani, yatsanta a gaba don kada bakin ya taɓa fata, ta datse.

"Juyo da shi gaba. Ki maƙala igiyar a kugunki ke kaɗai."

Ta rarrafa. Davi Mawusi. Ta datse. Wata yarinya mai ɗan fari, jikinta na rawa har sai da Akpene ta danne ta da kafaɗa. Ta datse. Ba ta ɗaga kai ta dubi goshin jirgi, don ta san in ta duba hannunta zai yi rawa. Igiya ta zo ta watsa mata ruwa a ido, ta share da kafaɗa, ta ci gaba. A bayanta tana jin muryar Mama Adzo tana cewa a miƙo mata jarirai ƙaramin jirgi, wanda bai sha ruwa sosai ba.

Da ta isa, ta tarar Yayra tana ta fama da ƙullin. Farcenta biyu sun karye, jini a yatsu. Ta juya baya kawai. Ƙyallen da Akpene ta zaɓa don ƙwarinsa ya ƙi almakashi, ya lanƙwashe tsakanin baki biyu. Ta sake kamawa. Ya sake lanƙwashewa. Ta sa haƙori ta ja shi ya miƙe, ta ci shi kaɗan-kaɗan da gindin almakashin har ya rabu. Yayra ta saki zani, Akpene ta cafe. Elikem yana tsala kuka, jikinsa ɗumi, yana harbin ta da ƙafa. Ta zame rigar ƙungiya ta gefe ɗaya, ta cusa shi a ƙirji.

A daidai nan jirgin ya hau wani abu a ƙasa. Ƙara ce marar yawa, kamar an buga turmi, amma kowa ya ji ta a ƙashinsa. Davi Mawusi tana tsaye, ta gama miƙa wa Mama Adzo 'yarta ke nan. Jiragen biyu suka rabu, ta tafi da fuska cikin ruwan da ke tsakani.

Ba ta daɗe ba ta taso. Rigar ta juya ta, ta kwantar da ita rigingine, baki a buɗe tana haki. Zanin goyonta, wanda bai gama sauka daga kugunta ba, ya bazu a ƙarƙashinta yana lilo cikin ruwa, babu kowa a ciki. Matan jirgin duka suna kallonsa. Yarinya mai ɗan fari ta ƙanƙame nata har ya yi ƙara.

Ticha Worlasi da Efo Gameli suka kama ta ta wuyan rigar suka jawo ta kamar buhu. Ta yi tari, ta yi amai, ta lalubo 'yarta a cinyar Mama Adzo ta taɓa ƙafarta, sannan ta kwanta a ƙasan jirgi.

Katakon bai fashe ba. Aka ɗaura igiya, ƙaramin jirgi ya ja babba a hankali, har hadarin ya wuce kamar ba a yi ba. Akpene ta zauna a kan buhun gari tana shayar da Elikem, almakashi na lilo a wuyanta.

A Adzakope mutane sun cika gaɓa, an ji labarin rabon riguna. Efo Senyo ya tsaya a kan buhunan sauran rigunan, ya dubi jama'a, ya kai hannu neman lasifika. Lasifikar tana can Agbenu a kan katako.

"Maman Elikem," in ji shi, "ko mu mayar da su gida tukuna?"

Akpene ta dubi Davi Mawusi, wadda ke zaune a yashi tana matse zani.

"Kada ku mayar," in ji Davi Mawusi. "Ba don rigar nan ba da yanzu kifi ne ke sayar da ni. Ku dai bar mai ɗinki ta yi bayani, kai surutunka ya yi yawa."

Akpene ta farke leda ɗaya da hannu guda. Ta kira mace ta farko a layi, mai goyo, ta ce ta kwance tukuna. Matar ta kwance. Akpene ta zura mata rigar, ta maƙala igiyar a kugunta ita kaɗai, ta nuna mata yadda za ta zaunar da yaro a cinya, gefe, kansa a kan hannu. Ta ce ko an ga tsayawa za a yi, ko kaya sun yi yawa, ko yaro yana barci, a tashe shi a juyo da shi gaba. Haka ta faɗa wa ta biyu, haka ta faɗa wa ta uku, ba ta gajarta ba ko sau ɗaya.

Da aka gama, rana ta yi sanyi. Gidan surukar Akpene yana can saman tudu, hanya duk santsi. Yayra ta ɗaure yatsunta da ragowar ƙyalle, ta karkaɗe zani, ta sunkuya.

"Matarmu, kawo shi in goya. Nan ai ƙasa ce."

"Na sani," in ji Akpene.

Ta gyara shi a ƙirji, ta sa tafin hannu a ƙeyarsa, ta fara hawa.